Daga Fezzan zuwa Sambisa: Wa ke gadon dajin da namun dawa suka bari?

A daren Litinin wayewar garin Talata, 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya malale birnin Maiduguri irin malalar da rabon a gan ta tun ambaliyar 1994. Ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga kasuwar Monday Market da asibitin koyarwa na jami'a, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallinsu. Cikin wuraren da ya ci har da gidan namun daji na Sanda Kyarimi, inda babban manajan wurin, Ali Abatcha, ya bayyana cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun mutu, ya kuma gargaɗi jama'a cewa kadoji da macizai sun bi ruwa sun shiga unguwanni. A ranar ce aka ga jimina tana keta ruwa a tsakiyar titi.

Labarin dabbobin ya yi kwana biyu a bakin jama'a ya wuce, kuma babu laifi a haka, domin ran ɗan Adam shi ne gaba. Amma ya bar wata tambaya da ta cancanci isa teburin masu tsara manufofi a Abuja. Ga mafi yawan yaran Fezzan da Hausari da Shehuri da Gwange, wannan gida da suke tururuwa zuwa cikinsa a ranakun Sallah shi kaɗai ne inda suka taɓa ganin zaki ko ɓauna ido da ido. Ta yaya aka yi ƙasar Borno, wadda dajinta ya taɓa cika da giwaye har haurensu ya zama hajar fatauci, ta wayi gari dukan abin da 'ya'yanta suka sani na namun dawa yana cikin 'yan kejina a gefen kogi, inda ruwan dare ɗaya ya isa ya share shi?

Sunan unguwa da tarihin da yake ɗauke da shi

Unguwar Fezzan tsohuwar unguwa ce a tsakiyar Maiduguri, kuma ta samo sunanta daga yankin Fezzan na kudu maso yammacin Libiya, ƙasar fataken da suka riƙa ratso hamada ta Murzuk da Kawar da Bilma zuwa Borno. Da aka kafa Yerwa a 1907 a zamanin Shehu Abubakar Garbai, 'yan kasuwar da suka fito daga arewacin Afirka sun sami mazauni a sabon birnin, sunan ƙasarsu ya bi su. Cikin kayan da ayari ke ɗauka daga Borno zuwa Tarabulus a ƙarni na 19 akwai hauren giwa da gashin jimina da fatu. Wannan shaida ce ta yalwar da ake da ita a lokacin. Baturen nan Dixon Denham, wanda ya biyo wannan hanya ya isa Kukawa a 1823 a zamanin Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi, ya ba da labarin garkunan giwaye da ya gani a gaɓar Tafkin Chadi.

Ita kanta Fezzan ta Libiya tana da nata darasin. A 1850 Heinrich Barth ya ci karo da zane-zanen da mutanen da suka sassaƙa a jikin duwatsun yankin. A kwarin Matkhandush na tsaunin Messak, har yau ana ganin siffar raƙumin dawa da giwa da kada a jikin dutse, a wurin da yanzu babu komai sai tsakuwa da rairayi. Masana sun tabbatar cewa tsakanin kimanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce Sahara tana da ciyawa da tafkuna da koguna. Da damina ta janye, dabbobin suka janye kudu. Abin da sauyin yanayi ya yi wa waccan Fezzan cikin dubban shekaru, gatari da bindiga da sakaci sun kusa kammala yi wa ƙasar da ke kewaye da wannan Fezzan cikin shekaru ɗari kacal.

Kowace dabba da gidanta

Namun dawan Afirka ba warwatse suke kara zube ba. Ruwan sama da irin tsiron da yake fitarwa su ne suka raba wa kowace dabba gida. A cikin hamada da gefenta akwai mariri da dangoginsa masu jure ƙishirwa. A Sahel akwai barewa da dila da raƙumin dawa mai cin ganyen ƙaya. A dajin ciyawa mai bishiyoyi jefi-jefi, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Sudan ya ratsa arewacin Najeriya, nan ne gidan zaki da gwanki da kanki da ɓauna da mugun dawa da kura. Dorina da ayu suna bin manyan koguna da tafkuna. A kurmi mai duhu na kudu da tsakiyar nahiyar akwai manyan birai irin su gorila da cimfanzi, da giwar kurmi, wadda tun 2021 ƙungiyar IUCN mai kula da jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta ware ta a matsayin jinsi daban da giwar fili.

Wasu dabbobin wuri ɗaya tak suka sani a duniya. Okapi yana cikin kurmin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango kaɗai. Kyarkecin Habasha yana kan tsaunukan ƙasar kaɗai, kuma adadinsa bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Wasu kuwa rayuwarsu ta dogara da doguwar tafiya. Tsakanin Serengeti a Tanzaniya da Masai Mara a Kenya, dabbobi dangin gwanki fiye da miliyan ɗaya ke kewayawa duk shekara suna bin damina. Ƙidayar sama da aka fitar da sakamakonta a 2024 ta nuna cewa a Sudan ta Kudu, ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, akwai dabbobi dangin barewa da maraya kimanin miliyan shida da ke yin irin wannan ƙaura. Giwayen nahiyar baki ɗaya an ƙiyasta su kusan 415,000 a rahoton 2016, kuma Botswana kaɗai tana riƙe da kimanin 130,000.

Idan aka ɗora Najeriya a kan wannan sikeli, abin da ya rage ya ba da tsoro. Tsarin kare giwaye na ƙasa da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a watan Agustan 2024 ya nuna cewa giwayen da suka saura ba su wuce 300 zuwa 400 ba, kuma garke mafi shahara shi ne na Yankari a Jihar Bauchi. Zakuna, bisa ƙiyasin masana, ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji. Karkandar yammacin Afirka, wadda mafakarta ta ƙarshe ita ce arewacin Kamaru, an ayyana ƙarewarta daga doron ƙasa a 2011. Raƙumin dawa ba shi da wani garke mazauni a ƙasar nan. Harshen Hausa dai yana nan cike da su: ana yi wa sarki kirari da zaki da toron giwa, ana yi wa yara tatsuniyar kura da dila malamin daji. Sunayen sun rayu, masu sunan sun kusa ƙarewa.

Sambisa: abin da ke faruwa idan hukuma ta bar daji

Kafin Sambisa ya zama sunan da ake tsorata yara da shi, gandun namun daji ne. Turawan mulkin mallaka sun keɓe shi a 1958, kuma shekaru da dama yana da ma'aikata da masaukin baƙi, ana zuwa kallon giwa da gwanki da birai da jimina. Sannu a hankali kuɗin kula da shi ya ragu, masu gadi suka yi ƙaranci, mafarauta da masu saran itace suka sami sarari. Daga baya mayaƙan Boko Haram suka mayar da shi sansani, kuma bayan sace 'yan matan Chibok a watan Afrilun 2014 duniya ta san sunansa ta mummunar fuska. Sai a watan Disamban 2016 sojoji suka sanar da ƙwace babban sansanin da ke cikinsa, kuma har yau dajin bai koma hannun masu kula da dabbobi yadda yake a da ba.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babu mai cewa rashin masu gadin daji shi ya haifi tayar da ƙayar baya. Amma daji mai faɗin gaske wanda babu ma'aikacin gwamnati da ke taka shi kullum, babu mai sanin hanyoyinsa da rijiyoyinsa a hukumance, babu baƙon da ke shiga ya fito ya ba da labari, gida ne da aka bari a buɗe. Abin da ya sami Sambisa ya maimaita kansa a gandun Kamuku na Birnin Gwari, da dajin Rugu na Katsina, da wasu sassa na gandun Kainji. Duk inda aka janye ƙaramin kuɗin da ake biyan mai gadin daji, daga baya an kashe ninkinsa sau ɗaruruwa wajen tura bataliya da jiragen yaƙi.

A nan ne maganar ta shafi ma'aikacin tarayya kai tsaye. Gandun Daji na Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991, mallakin Gwamnatin Tarayya ne a ƙarƙashin Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa da Ma'aikatar Muhalli. Sassa uku gare shi: Chingurmi-Duguma a Ƙaramar Hukumar Bama ta Borno, da fadamun Bade-Nguru, da dausayin Bulatura a Yobe. Sashen Chingurmi-Duguma yana maƙwabtaka da gandun Waza na Kamaru, wanda ya zama gandun ƙasa a 1968, kuma dabbobi ba su san iyaka tsakanin biyun ba. Rikicin da ya hana aiki a wannan ɓangaren ya taɓa wancan ma: a watan Fabrairun 2013 aka sace wasu iyalin Faransawa jim kaɗan bayan sun fito daga Waza, yawon buɗe ido ya durƙushe a yankin.

Duk da haka dabbobin ba su yanke ƙauna da Borno ba. A watan Disamban 2019, ma'aikatan agaji da ke cikin jirgi mai saukar ungulu sun hango garken giwaye kimanin 250 kusa da Rann a Ƙaramar Hukumar Kala-Balge. Garke ne da ke yawo tsakanin Kamaru da Chadi da Najeriya, yana bin tsohuwar hanyar kakanninsa. Wannan labari ne mai daɗi ga masana, amma ga manomin da ya dawo daga sansanin gudun hijira ya shuka dawa, giwaye suka tattake ta a dare ɗaya, musiba ce. Manoman yankin sun sha kokawa a kan haka. Idan babu hukumar da za ta saurare su, su da kansu za su nemi mafita, kuma an san irin mafitar.

Ga mai cewa mutane na cikin yunwa

Akwai hujjar da ake yawan kawowa, kuma hujja ce mai nauyi: jihar da ke da marayu da zawarawa da 'yan gudun hijira, ina ta ga sukunin tunanin giwa? Amsar ita ce abin da ke raya giwa shi ke raya manomi da makiyayi da masunci. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. Dorina ta rasa ruwa, masunci ma ya rasa. Bishiyar da ake sarewa a yi gawayi ita ce inuwar barewa, kuma ita ce ke riƙe ƙasar gona kada iska da ruwa su kwashe ta. Ɓacewar manyan dabbobi daga wuri alama ce da ke riga yunwa isowa.

Kuma maƙwabtan da suka fi Najeriya talauci sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawan yammacin Afirka sun ragu zuwa 49 kacal a 1996, a yankin Kure da ke kudu maso gabashin Yamai. Gwamnati ta hana kashe su, aka haɗa kai da ƙauyukan da suke kiwo a gonakinsu, aka samar wa mutanen rijiyoyi da ƙananan rance da aikin ja-gorar baƙi. Yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka mayar da su gandun Gadabeji a Jihar Maraɗi, inda suka ɓace shekaru da dama. A Chadi, giwayen gandun Zakuma sun faɗo daga sama da 4,000 a 2002 zuwa kimanin 450 a 2010 saboda mafarauta masu zuwa a kan dawakai. A shekarar ce gwamnatin ƙasar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar African Parks, aka horar da masu gadi, aka ba su kayan sadarwa, aka jawo ƙauyukan kewaye cikin aikin tsaro, kisan ya kusa tsayawa cak, garken ya soma haihuwa. Mariri, wanda aka ayyana ƙarewarsa a daji a 2000, an sake sakinsa a tsakiyar Chadi daga 2016 da taimakon Abu Dhabi, kuma a ƙarshen 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji.

A cikin gida ma akwai abin koyi. Yankari, wanda aka keɓe a 1956, ya zama gandun ƙasa a 1991, ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006, ya sami sauƙin kisan giwaye bayan da jihar ta shiga haɗin gwiwa da ƙungiyar WCS a 2014 wajen sintiri. Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa, gandun ƙasa mafi girma a Najeriya, yana aiki da gidauniyar ANI tun 2017. Abin da ya haɗa waɗannan misalai duka abu uku ne: masu gadi da ake biya a kan lokaci, jama'ar kewaye da ke ganin amfanin dajin a aljihunsu, da yarjejeniya mai tsawon rai wadda sauyin gwamnati ba ya rushe ta.

Abin da ke hannun Abuja

Najeriya ba ta rasa takardu ba. Tana cikin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, tana da dokar kare su tun 1985 wadda aka yi wa gyara a 2016, ta kuma amince da ƙudurin duniya na Disamban 2022 na kare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da ruwa kafin 2030. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da ƙarin gandun ƙasa goma a kan bakwai da ake da su, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina da fadamun Haɗeja a Jigawa. A watan Oktoban 2023 aka ƙone kusan tan huɗu na ɓawon dabbar ɗan-kunya a Abuja, a watan Janairun 2024 kuma aka niƙe tan biyu da rabi na hauren giwa da aka kama. Yawan hauren nan ya fi ƙarfin giwayen da suka rage a ƙasar, abin da ke nuna cewa tasoshin Najeriya sun zama mashigar masu fasa-ƙwauri daga wasu ƙasashe. Tsohuwar hanyar da ta bi ta Murzuk da raƙuma yanzu tana bi ta teku cikin kwantena.

Abin da ya rage shi ne aiki, kuma mafi yawansa yana wucewa ne ta hannun daraktoci da mataimaka na musamman da ma'aikatan kwamitocin majalisa, masu rubuta takardar da minista zai sa wa hannu.

Na farko, a daina kallon kasafin Hukumar Kula da Gandun Daji a matsayin kuɗin yawon shaƙatawa. Kuɗin tsaro ne, kuma ya kamata a kare shi a gaban kwamiti da wannan hujja. Ƙara yawan gandaye a takarda ba tare da ƙara masu gadi da motoci da na'urorin sadarwa ba, ƙara yawan dazuzzukan da babu mai su ne kawai.

Na biyu, duk shirin sake tsugunar da jama'a a Bama da Kala-Balge da Ngala ya ƙunshi taswirar hanyoyin giwaye, da asusun biyan diyya ga manomin da aka yi wa ɓarna, da horo a kan hanyoyin korar giwa ba tare da kisa ba, irin su shingen amya da barkono da aka jarraba a gabashin Afirka. Hukumar Raya Arewa Maso Gabas da Asusun Kula da Muhalli suna da hurumin ɗaukar wannan nauyi.

Na uku, a yi amfani da Hukumar Tafkin Chadi, wadda Najeriya ke cikin waɗanda suka kafa ta a 1964, a ƙulla aikin haɗin gwiwa na zahiri tsakanin Chingurmi-Duguma da Waza, da sintiri tare da ƙidaya tare. Ƙasashen da suka iya haɗa rundunar soja ɗaya a yankin ba za su gaza haɗa masu gadin daji ba.

Na huɗu, a soma tsara makomar Sambisa tun yanzu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, tsarin mulki kuma ya ba Majalisar Tarayya ikon ayyana gandun ƙasa da yardar jiha, saboda haka dole Abuja da Maiduguri su zauna tare. Mafarautan gargajiya da 'yan sa-kai da suka san dajin kamar tafin hannunsu a lokacin yaƙi su ne suka fi dacewa a horar, a ba su albashi da kaki, su zama masu gadinsa a lokacin zaman lafiya. Idan aka bar su babu aiki, da bindiga a hannu, sauran namun dawan ne za su fara biya.

Na biyar, gidan namun daji na Sanda Kyarimi, wanda ke ɗauke da sunan Shehun da ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1967, ya cancanci a farfaɗo da shi, amma da lissafin cewa ruwan da ya zo a 1994 ya dawo a 2024. Kejin da za a sake ginawa ya kasance a kan tudu, da hanyar kwashe dabbobi idan an yi gargaɗin ambaliya, kuma a mayar da wurin makarantar da za ta koya wa yaro cewa wannan dabba tana da gida a jiharsa, ga sunan wurin, ga abin da ya kore ta.

Gwamnatin Tarayya ta nuna cewa tana iya gaggawa idan ta ga dama, domin cikin 'yan watanni bayan ambaliyar ta amince da Naira biliyan 80 don sake gina madatsar Alau. Abin da dazuzzukan Borno ke buƙata bai kai ko kusa da haka ba. Giwayen da aka gani a Rann suna nan suna ƙetara iyaka duk shekara, kuma ko za su ci gaba da samun hanya ko za su ƙare kamar yadda karkanda ta ƙare, ya danganta da abin da za a rubuta, ko a manta a rubuta, a kasafin kuɗin da ake shiryawa a ofisoshin Abuja.